Hukuncin Laɓe da Naɗar Muryar Mutum Ba da Saninsa Ba

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rufa asirin bayinSa, Wanda babu abin da yake ɓuya gare Shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan darasi shi ne wata matsala da aka kawo mana a ƙarshen damanar da ta wuce. Wani dattijo daga wani ƙauye da ke kan hanyar Badagishiri ya tsaya mana bayan sallar asuba, ya ce an sako masa ɗiyarsa. Mijinta yana Abijan wajen bida shekara huɗu ke nan. Wata rana da dare ta zauna a ɗakinta da ƙawarta tana kai kukanta, cewa kuɗin da mijin yake aikowa ba su isowa hannunta, har baƙin ciki ya sa ta faɗi kalmomi masu ɗaci game da uwar mijin. Ashe ƙanen mijin ya ajiye salula a bakin taga tana naɗa. Hirar ta kai kusan rabin awa, amma yaron ya yanko abin da bai fi minti biyu ba, ya tura wa wansa. Kafin azahar ta gobe muryar ta kewaye dangi, na gida da na Legas da na Libiya, saki kuma ya biyo baya.

Da muka zauna da ɓangarorin biyu, sai wani daga dangin mijin ya ce: "Malam, ai ita ta faɗa da bakinta, ba ƙarya aka yi mata ba. Mene ne laifin yaro?" Mun lura cewa mutane da yawa haka suke gani. Saboda haka muka ga ya wajaba mu yi bayanin wannan mas'ala daki-daki, gwargwadon abin da Allah ya sawwaƙe.

Na Ɗaya: Ma'anar Laɓe da Bincike

Laɓe a harshenmu shi ne mutum ya ɓuya a bayan darni, ko ƙofa, ko zana, ya kasa kunne ga zancen da ba a so ya ji. A Larabci akwai kalmomi biyu da suke kusa da juna, watau tajassusi da tahassusi. Ibnu Kasir ya kawo a tafsirinsa cewa Imam Auza'i ya fassara ta farko da bincikar abin da yake ɓoye, ta biyu kuma da sauraron zancen mutane alhali ba su so, ko kasa kunne a ƙofofinsu. Dukansu biyu an hana su a hadisi ɗaya.

Salula ba ta sauya hukuncin ba, ta dai ƙara masa nauyi. Mai laɓe na dā yana iya mantawa, ana iya ƙaryata shi, in ya mutu abin da ya ji ya tafi da shi kabari. Muryar da aka naɗa kuwa tana nan ba ta tsufa, tana isa garin da mai ita bai taɓa zuwa ba, kuma wanda ya ji ta da kunnensa ba ya tsayawa tambayar abin da aka faɗa kafinta da bayanta. Don haka ajiye waya a ɗakin mutane, da naɗar wanda kake magana da shi bai sani ba, da buɗe ƙarar waya don wasu su ji shi yana zaton kai kaɗai ne, da bincikar saƙonnin wayar wani, duk rassa ne na itace ɗaya.

Na Biyu: Dalilai Daga Alƙur'ani Mai Girma

A Suratul Hujurati, aya ta 12, Allah Maɗaukakin Sarki ya hana muminai abu uku a jere: yawan zato, da binciken asirin juna, da giba. Wannan jeri yana da hikima. Mugun zato ne yake fara shiga zuciya, shi ne yake tura mutum ya je ya bincika, abin da ya samo kuma ba ya iya riƙe shi sai ya faɗa. A ƙarshen ayar aka kamanta mai giba da mai cin naman ɗan'uwansa matacce. Yaron da muka ambata ya taka matakan nan uku a dare ɗaya.

A Suratun Nuri, aya ta 27 da ta 28, an hana mu shiga gidajen da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama, kuma in an ce mu koma, mu koma. To, wanda ya aika kunnensa cikin ɗaki shi kuwa yana waje, ya shiga ba da sallama ba. A aya ta 19 ta wannan sura kuma an yi alkawarin azaba mai raɗaɗi, duniya da lahira, ga masu son alfasha ta yaɗu tsakanin muminai. A Suratul Isra'i, aya ta 36, an sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duk za a tambaye su. Kunne amana ne, kamar yadda harshe yake amana.

Na Uku: Dalilai Daga Sunna

Imam Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ba da labarin sakamakon wanda ya saurari zancen mutane alhali suna ƙin ya ji, ko suna guje masa: za a zuba masa narkakkiyar darma a kunnuwa ranar ƙiyama. Mu lura da kyau, ya ƴan'uwa. Hadisin bai ce sai in ya yi musu ƙarya ba, bai kuma ce sai in ya kai zancen gaba ba. Sauraron kaɗai ya isa. Wannan ita ce amsar mai cewa ai ita ta faɗa da bakinta.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) cewa idan mutum ya yi maka magana sa'an nan ya waiwaya, wannan magana ta zama amana. Waiwayen nan alama ce ta cewa ba ya son wani ya ji, ko da bai ce maka ka ɓoye ba. Haka rage murya yake, haka jan ka gefe yake, haka kiran wayarka kai kaɗai yake. Wanda ya naɗe irin wannan magana ya ci amana, cin amana kuwa yana cikin alamomin munafuki.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad (R.A.) cewa wani mutum ya leƙa ta wata kafa a ɗakin Annabi (S.A.W.), a lokacin yana riƙe da wani tsinke da yake sosa kansa da shi. Da ya gan shi sai ya nuna masa cewa da ya san yana leƙe da ya tsokane masa ido, ya kuma bayyana cewa saboda gani ne aka shar'anta neman izini. In wannan ne matsayin ido, kunne ma yana da nasa.

An gaya wa Huzaifa ɗan Yaman (R.A.) cewa akwai wani mutum da yake kai zancen mutane wurin Halifa Usman, sai ya ce ya ji Annabi (S.A.W.) yana cewa annamimi ba zai shiga Aljanna ba. Wannan yana cikin Buhari. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Abu Barza (R.A.) gargaɗi ga masu bin diddigin laifuffukan Musulmi, cewa wanda ya yi haka Allah zai bi diddigin nasa, ya kunyata shi ko da yana cikin gidansa. Shi ya sa iyayenmu suke cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Na Huɗu: Yadda Sahabbai Suka Yi Aiki da Wannan

Abdurrazzaƙ ya ruwaito cewa wata rana Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) yana sintirin dare a Madina tare da Abdurrahman ɗan Aufu, sai suka ga fitila a wani gida, suka ji hayaniya a bayan ƙofa rufaffiya. Umar ya gane gidan, ya ce mutanen suna shan giya, ya tambayi abokinsa abin da yake gani. Abdurrahman ya ce shi yana ganin su ne suka afka cikin abin da Allah ya hana, watau bincike. Sai Umar ya juya ya bar su. Sarkin Musulmi ne, laifin kuma babba ne, amma bai ɗauki girman laifin ya mayar da shi izinin ƙetare ƙofa ba.

Haka aka zo wa Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.) aka ce ga wani can giya tana ɗiga daga gemunsa. Ya amsa da cewa an hana su bincike, amma in wani abu ya bayyana gare su za su kama mutum da shi. Daga nan malamai suka ciro ƙa'ida, kamar yadda Imam Gazali ya kawo cikin sharuɗɗan hani da mummuna: abin da ake hanawa shi ne wanda ya fito fili ba tare da an tono shi ba.

Na Biyar: Masu Tarayya a Cikin Zunubin

Murya ba ta tafiya da ƙafarta. Akwai wanda ya naɗa, shi ya haɗa laɓe da cin amana. Akwai wanda ya tura, shi ya ɗauki annamimanci, ko da bai san mai muryar ba. Akwai wanda ya buɗe ya saurara bayan ya gane cewa asirin wani ne, shi ma hadisin darma ya shafe shi, domin mai maganar ba ya son ya ji. Sa'an nan akwai mai kula da zauren WhatsApp da ya ga an saka, yana da ikon gogewa ko tsawatawa, ya yi shiru.

Muna jin wasu suna cewa: "Ni dai turo mini aka yi, na tura." Wannan ba uzuri ba ne. In wani ya sato akuya ya ba ka, ka miƙa wa maƙwabcinka, ba ka fita daga cikin satar ba. Irlin Musulmi kuwa ya fi akuya tsada.

Na Shida: Laɓe a Cikin Gida

Mafi yawan ƙarar da take zo mana daga cikin gida take fitowa: miji da mata, kishiya da kishiya, uwar miji da matar ɗa. Ƙasarmu ta Adar ƙasar matafiya ce. Magidanci yana shekara biyu ko uku a waje, shaiɗan yana yi masa raɗa, sai ya ɗora ƙanensa ko ƙanwarsa su riƙa naɗo masa abin da ake faɗa a gidansa. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya hana matafiyi ya faɗo wa iyalinsa da dare, a wata ruwaya an ƙara da cewa don tuhumarsu ko neman tuntuɓensu. In an hana miji ya yi haka da kansa a gidansa, ina ga ya wakilta yaro da waya? Ya ɓata zuciyarsa, ya ɓata tarbiyyar yaron, ya kuma kashe amana a gidan.

Haka mata. Bincikar wayar miji yana barci, da naɗar kishiya don a kunna wa maigida, duk haramun ne. Mafi muni shi ne naɗa ko yaɗa abin da yake gudana tsakanin ma'aurata a shimfiɗarsu, domin Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id (R.A.) cewa mai yaɗa wannan asiri yana cikin mafi sharrin mutane a wurin Allah ranar ƙiyama. Wannan hukunci ba ya faɗuwa don aure ya mutu.

Kusanci ba ya kawar da izini. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai labarin mutumin da ya tambayi Annabi (S.A.W.) ko zai nemi izini kafin ya shiga wurin mahaifiyarsa, alhali gida ɗaya suke kuma shi yake yi mata hidima, aka ce masa ya nema. Amma kulawar uba da uwa ga wayar yaro ƙarami tana cikin tarbiyya, sai dai ya fi kyau yaron ya san ana dubawa, kuma abin da aka gani a gyara shi a ɗaki, kada a fitar da shi waje.

Ya kamata kuma mu tuna cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Babu gidan da ba a faɗin magana cikin fushi wadda in gari ya waye mai ita ba ya son a tuna masa. Da Allah ya so kowace irin wannan magana ta isa kunnen wanda aka yi dominsa, da babu aure ko zumunci da zai kai shekara.

Na Bakwai: Wuraren da Aka Yi Rangwame

Shari'a ba ta hana bincike don ta ba azzalumi mafaka ba. Akwai wurare uku da hukuncin yake sauyawa.

Na farko, tsare ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa. Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki cewa in amintacce ya ba da labarin wani ya keɓe da mutum don ya kashe shi, ya halatta a bincika a kutsa, don kada a rasa abin da ba a iya mayarwa. Kafin buɗe Makka a shekara ta 8, Annabi (S.A.W.) ya aiki Sayyidina Ali da Zubairu da Miƙdad suka karɓo wasiƙar da Haɗib ɗan Abi Balta'a ya aika wa Ƙuraishawa. Zaidu ɗan Arƙam kuma, yana yaro, ya ji Abdullahi ɗan Ubayyu yana maganar fitar da Annabi daga Madina, labarin ya isa ga Annabi, Allah ya gaskata yaron a Suratul Munafiƙun. Saboda haka wanda ya ji ana ƙulla satar mutane, ko korar dabbobi, ko kai hari a wani gari, wajibi ne ya sanar. Amma wurin mai gari, ko fadar sarki, ko jandarma zai kai, ba zauren WhatsApp ba.

Na biyu, wanda aka zalunta yana neman haƙƙinsa. Suratun Nisa'i, aya ta 148, ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa. Misali macen da wani yake damun ta da kiran banza, ko wanda ake yi wa barazanar kisa ta waya, ko mai bin bashin da ake amsa masa a ɓoye a musa masa a gaban mutane. Magabata sun tattauna abin da ya yi kama da wannan a babin shaidar wanda ya ɓuya, har Buhari ya ƙulla masa babi a Littafin Shaidu. Alƙali Shuraihu bai karɓi irin wannan shaida ba. Imam Malik ya karɓa, amma ban da a kan mai rauni da ake iya yaudara. Ibnu Asim kuma, a cikin Tuhfa da alƙalanmu suka daɗe suna aiki da ita, ya halatta mutum ya ba da shaidar iƙirarin da ya ji ko ba a kira shi shaida ba, da sharaɗin ya ji maganar duka, farkonta da ƙarshenta.

Wannan sharaɗi na Ibnu Asim shi ne ma'aunin zamaninmu. Muryar da aka yanko daga tsakiya ba ta cika shi ba. Don haka wanda larura ta kai shi ga naɗa, to ya zama haƙƙinsa ne yake nema, ya rasa wata hanya, bai ja mutumin da dabara ya faɗi abin da ba ya nufi ba, bai yanke komai ba, kuma bai kunna wa kowa ba sai mai yin hukunci ko sulhu. In magana ta ƙare ya goge. Hanya mafi tsarki dai ita ce ta Suratul Baƙara, aya ta 282: a rubuta bashi, a kafa shaidu. Masu albasa na Galmi da ƴan kasuwar Ƙonni da suke ƙulla ciniki ta waya da mutanen nesa, babu laifi su ce: "Alhaji, zan naɗi abin da muka yi ittifaƙi a kai, kai ma ka naɗa." Da wannan kalma ɗaya haramun ya koma halal.

Na uku shi ne abin da aka faɗa don jama'a, kamar wa'azi da karatu da huɗuba. Naɗarsu alheri ne, amma yanko rabin jumlar malami don a haɗa shi faɗa da wani malami ƙarya ce da annamimanci a haɗe.

Sa'an nan mu sani cewa murya kaɗai ba yanke hukunci ba ce. Muryoyi suna kama da juna, ana yankewa a haɗa, kuma a yau akwai na'urorin kwamfuta da suke kwaikwayon muryar mutum su sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Umurnin Suratul Hujurati, aya ta 6, na tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi, ya fi ƙarfi a nan. Wanda ya saki matarsa ko ya yanke zumunci a kan minti biyu na murya, bai tabbatar ba.

Na Takwas: Abin da Dokokin Ƙasa Suka Tanada

Ya kamata Musulmi ya san cewa wannan aiki, ban da zunubi, yana iya kai shi gaban alƙali. Tsarin mulkin Nijar na 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka dakatar bayan 26 ga Yuli 2023, ya tanadi a aya ta 29 cewa ba a keta sirrin wasiƙu da sadarwa sai bisa sharuɗɗan doka. A 2017 aka yi dokar kare bayanan mutum, aka sabunta ta a Disamba 2022, aka kuma kafa hukuma ta musamman a Yamai don kula da wannan. A ranar 3 ga Yuli 2019 aka fitar da doka mai lamba 2019-33 game da laifuffukan intanet, wadda ta hukunta tare saƙonnin mutane ba bisa haƙƙi ba, da ɓata suna, da zagi, da yaɗa abin da zai tayar da hankalin jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam. A 2022 an cire ɗauri daga laifin ɓata suna da zagi, amma a ranar 7 ga Yuni 2024 Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu a kan gyaran da ya mayar da shi: shekara 1 zuwa 3 ga ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 ga yaɗa abin da zai tayar da hankali ko ya taɓa mutunci, tare da tarar da take iya kai miliyan 5 na sefa. Gyaran ya ce hukuncin yaɗawa yana hawa ko da abin da aka yaɗa gaskiya ne.

Game da hukuma kanta, a ranar 29 ga Mayu 2020, zamanin shugaba Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji na nan ƙasar Illela, majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba gwamnati damar sauraron wasu saƙonni saboda tsaro da yaƙi da ta'addanci, da izinin shugaban ƙasa. Ƴan adawa sun fita daga zauren, suna cewa dokar za ta buɗe ƙofar sauraron kowa. Wata ɗaya kafin haka, a Afrilu 2020, an kama wata ma'aikaciyar kotu a Yamai bayan hirarta ta keɓe a WhatsApp, inda ta soki yadda aka tafiyar da cutar korona, ta faɗa hannun hukuma. Ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoton cewa an yanke mata wata 3 na ɗaurin talala da tarar jika 20.

Darasi biyu ne a nan. Ga talaka, ya san cewa abin da ya faɗa a waya ya fita daga hannunsa, magana zarar bunu ce. Ga masu iko kuma, muna yi musu nasiha da abin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa shugaba in ya riƙa neman abin tuhuma a cikin mutane sai ya lalata su. Tsaron rayuka larura ce ta gaskiya, musamman a wannan iyaka tamu, amma larura ana auna ta da gwargwadonta.

Masu ƙetarawa Illela ta Nijeriya da Sakkwato su sani cewa sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙu da hirar waya, dokar laifuffukan intanet ta 2015 kuma ta hana tare saƙonni ba da izini ba. A Faransa tun 1970 aka mayar da naɗar maganar sirri ba da yardar mai ita ba laifi, hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 1 da tarar Yuro 45,000, kuma mai ajiyewa da mai yaɗawa suna cikin laifin. Abin da waɗannan dokoki suka zo da shi, Suratul Hujurati ta riga su da fiye da shekara 1,300.

Na Tara: Abin da Ya Wajaba a Kanmu

Wanda ya san akwai muryar wani a wayarsa da ya naɗa a ɓoye, ko aka turo masa, ya goge ta yau, kada ya jira gobe. Ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba. Da yake haƙƙin bawa ne, ya nemi waɗanda ya tura wa su goge, ya kuma nemi gafarar mai muryar. In sanar da shi zai haifar da fitinar da ta fi ta farko, wasu malamai sun ce ya yawaita yi masa addu'a, ya ambace shi da alheri a wuraren da ya ɓata shi.

In an turo maka irin wannan murya, kada ka buɗe, in ka buɗe ka gane, ka tsaya, ka yi wa wanda ya turo nasiha. In kana waya akwai wanda yake ji a gefenka, ka faɗa wa abokin maganarka tun farko. Masu gyaran waya da masu cajin waya a kasuwanni su ji tsoron Allah, abin da yake cikin wayar mutane ajiya ce a hannunsu. Iyaye kuma su koya wa ƴaƴansu cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Game da matsalar da muka fara da ita, an nemi mu saurari muryar, muka ƙi. Muka kira ƙawar da aka yi hirar da ita, ta shaida cewa a ƙarshen zancen matar ta yabi mijinta, ta ce za ta yi haƙuri har ya dawo. Yaron ya amsa cewa haka ne, kuma wannan ɓangaren ya goge shi. Da yake saki ɗaya ne kuma idda ba ta cika ba, mijin ya mayar da ita, alhamdu lillahi. Amma har yanzu ita da uwar mijin ba su komo kamar dā ba, ƙawar ta daina shiga gidan, muryar kuma tana nan a wayoyin da ba mu san adadinsu ba.

Muna roƙon Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya tsare kunnuwanmu da harsunanmu daga haƙƙin bayinSa, ya daidaita tsakanin ma'aurata, ya dawo da matafiyanmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare mu ne, Allah ya gafarta mana. Allah shi ne Mafi sani.